Tsakanin Rubutu da Gyara: Sunan da Ya Ɓoye Ikon Gogewa

Ɗalibin nazarin harshe da ya dawo Harobanda daga aikin fili ba ya dawowa da abin da ya fi murya daraja. Wani ya kwana uku a wani ƙauyen Arewa yana naɗar tatsuniyar wata tsohuwa. Wani ya zauna da maharbi a ƙasar Adar har ya yarda ya yi masa kirari. Wata kuma ta bi matan Kurfai gida gida tana tambayar sunayen kayan ɗaki da yadda ake jam'insu. Duk wannan wahala tana ƙarewa ne a cikin ƴan fayiloli da ake zubawa a kwamfutar da mutane da yawa ke amfani da ita. Daga ranar da aka zuba su, ɗorewarsu ta rataya a kan wasu ƙananan akwatuna da ake sa wa alama a wani shafi na Windows wanda yawancin masu amfani da na'urar ba su taɓa buɗewa ba.

Biyu daga cikin akwatunan nan su ne abin dubawa a wannan maƙala. A kwamfutocin da ke aiki da Faransanci an rubuta wa ɗaya Écriture, ɗayan kuma Modification. Mai saurin fassara zai ce rubutu da gyara, ya wuce. Matsayin wannan maƙala shi ne, wannan fassara tana da haɗari, domin sunan na biyu yana ɓoye ikon da ya fi kowane iko ɓarna, wato ikon gogewa. Abin da ya dace da masu nazarin harshe shi ne su raɗa wa kowane izini sunan da zai bayyana aikinsa, sa'annan su tsara ajiyar bayanansu ta yadda ba kowa ke riƙe da ikon gogewa ba.

Abin da na'ura take nufi

Tsarin ajiyar fayiloli da Windows ke amfani da shi, wanda ake kira NTFS, ya fito ne a shekarar 1993 tare da Windows NT 3.1. A cikinsa kowane fayil da kowace jakar fayiloli suna ɗauke da jerin sunayen waɗanda aka ba izini, da irin izinin da aka ba kowa. Idan aka buɗe shafin tsaro na wata jaka, za a ga izini iri 6: cikakken iko, da wanda ake kira Modification, da karatu tare da gudanar da manhaja, da ganin jerin abin da ke cikin jaka, da karatu, da rubutu. Waɗannan 6 ɗin ɗauri ne kawai. A ƙarƙashinsu akwai ƙananan izini 13, kuma kowane ɗauri yana ƙunshe da wasu daga cikinsu.

Ginshiƙan izinin rubutu 4 ne. Yana ba mutum damar ƙirƙirar sabon fayil ko sauya abin da ke cikin tsoho, da damar ƙirƙirar sabuwar jaka ko ƙara bayani a ƙarshen fayil, da damar sauya siffofin fayil na asali, da damar sauya siffofinsa na ƙari. Bai ƙunshi karatu ba. Mutum yana iya samun izinin rubutu a wata jaka, ya jefa fayil a ciki, amma ya kasa buɗe abin da ke cikinta. Haka nan bai ƙunshi gogewa ba.

Shi kuwa Modification ya tattara 10 daga cikin 13 ɗin nan. Ya haɗa duk abin da ke cikin rubutu, da karatu, da gudanar da manhaja, sa'annan ya ƙara gogewa. Abubuwa 3 kaɗai suka rage tsakaninsa da cikakken iko: sauya izinin wasu, da ƙwace mallakar fayil, da wani izini na musamman da ke bari a goge abin da ke cikin jaka ko da shi abin bai ba da izinin a goge shi ba. Tun da fayiloli suna gadon izini daga jakar da suke ciki, wanda aka ba Modification a babbar jaka yana iya share duk abin da ke ƙarƙashinta cikin daƙiƙa kaɗan.

Akwai kuma abin da ba kowa ke lura da shi ba. A wajen NTFS, sauya wa fayil suna da ɗauke shi daga wata jaka zuwa wata duk suna buƙatar izinin gogewa, domin a idon na'ura an cire tsohon suna daga wurinsa. Saboda haka mai izinin rubutu kaɗai ba ya iya sauya suna, ba ya iya ƙaurar da fayil. Mai Modification yana iya yin duka biyun.

Inda suna ya kawo ruɗani

A nan ne batun ya shigo fagen ilimin ma'ana. Duk mai jin Faransanci, in aka ce masa ga écriture ga modification, zai ɗauka na farko yana nufin rubuta sabon abu, na biyu kuma sauya abin da aka riga aka rubuta. Hankali ya yarda da haka, amma na'ura ba haka ta raba su ba. Sauya abin da ke cikin fayil yana cikin izinin rubutu tun farko. Abin da na biyu ya ƙara shi ne karatu da gudanarwa da gogewa, kuma babu ɗaya daga cikin ukun da kalmar ta ambata. Wato suna ya nuna gabas, aiki ya yi yamma. Kuskuren ya samo asali daga sunayen Ingilishi da aka fassaro, Faransanci ya gaje shi. Babu dalilin da zai sa Hausa ta zama magajiya ta uku.

In aka fassara Modification da gyara, lamarin zai ƙara muni. A Hausa gyara kalma ce ta alheri. Ana gyara gida, ana gyara miya, ana gyara zama, ana gyara tsakanin ƴan'uwa da suka saɓa. Kishiyarta ita ce ɓata. Wanda aka ce ya gyara, an sa ran abin zai fita daga hannunsa ya fi yadda ya shiga kyau. Bahaushe ma ya riga ya shata wa kalmar iyaka da ya ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Malamin da ya ce a ba ɗalibansa damar gyara rubutunsu bai taɓa nufin a ba su damar hallaka shi ba. Amma in mai kula da na'ura ya ji gyara, ya duba ya ga Modification, ya sa alama, to an ba da abin da ba a roƙa ba, kuma ba wanda ya yi ƙarya a tsakaninsu. Kalma ce ta yaudare su duka biyu.

Ya kamata a lura cewa wannan rabo ba dokar halitta ba ce. Tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma ginawa a ɗakunan binciken Bell a shekarar 1969, wanda kuma Linux ya bi sawunsa, yana da izini 3 ne kawai: karatu, rubutu, gudanarwa. A can gogewa ba ta dogara ga izinin da ke kan fayil ba, ta dogara ga izinin rubutu a kan jakar da fayil ɗin ke ciki. Mutum yana iya goge fayil ɗin da ba shi da ikon buɗewa, muddin yana da rubutu a jakar, sai fa in an sa wa jakar wata alama ta musamman da ke hana kowa goge abin da ba nasa ba. Ke nan kalmar rubutu ita kanta ma'anarta a Linux daban, a Windows daban. Mai ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi da bai san wannan ba zai fassara harafi ya bar ma'ana.

Abin da Hausa ta riga ta tanada

Harshen Hausa ba matalauci ba ne a wannan fage. Tun a shekarar 1960 F. W. Parsons ya bayyana tsarin giredin aikatau, kuma kowane ɗalibin tasarifi ya san aikin giredi na 4, mai ƙarewa da wasalin e, wanda ke nuna cikar aiki ko kawar da abu gaba ɗaya. Ana goga mai a jiki, ana goge rubutu daga allo. Ana shafa bango, ana shafe suna daga takarda. Haka kankare, da share, da wanke. Gaskiya ne ba kowane aikatau na giredi na 4 ke nufin ɓarna ba, domin akwai rubuce da saye da gyare. Amma a cikin aikatau na taɓa abu da hannu, wasali ɗaya tak ya isa ya raba taɓawa da kawarwa. Harshen da ke da irin wannan kaifi bai kamata ya aro kalmar da ta dushe ba.

Al'adar karatu ma ta san bambancin. A makarantar allo, almajiri yana rubutu a allonsa da hannunsa, amma ba ya wanke shi sai ya biya wa malam, malam ya gamsu ya ce a wanke. Rubutu aikin ɗalibi ne, wanki kuwa sai da izini. Haka masu kwafar littattafai na dā: in suka ga kuskure ko tsallake, sau da yawa a gefen shafi suke rubuta gyaran, su sa masa alama, su bar asali a wurinsa don mai zuwa ya gani ya auna. Duk wanda ya ziyarci sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH a nan Yamai, wanda ya ginu a kan tarin da Bubu Hama ya soma haɗawa, zai ga shafuka masu ɗauke da irin waɗannan bayanai na gefe. Da masu kwafar nan sun ɗauki gyara a matsayin kankarewa, da an rasa tarihin yadda matani ya yi tafiya daga hannu zuwa hannu.

Bisa wannan, shawarar da ta fi dacewa ita ce a kira Écriture izinin rubutu, a kira Modification izinin gyara da gogewa, a kira na samansu cikakken iko. Sunan na tsakiya ya fi na Faransanci tsawo, amma duk wanda zai sa masa alama sai idonsa ya faɗa kan kalmar gogewa kafin yatsansa ya danna. Wannan ɗan jinkiri shi ne amfanin sunan.

Lokacin wannan aiki kuwa ya yi. A shekarar 1999 aka daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa a Nijar. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Harshen da aka ɗora wa wannan nauyi dole ne ya shiga ofis, ya shiga na'ura, ya shiga takardun horar da ma'aikata. A Nijeriya an taɓa yin irin wannan hoɓɓasa ga kalmomin nazarin harshe da adabi, inda aka fitar da kundin keɓaɓɓun kalmomi a 1990 ƙarƙashin editancin Dalhatu Muhammad. Kalmomin kwamfuta na jiran irin wannan kulawa, kuma in masana harshe suka yi shiru, masu fassarar gaggawa za su cike gurbin. Kalmar da ta riga ta zauna a bakin jama'a kuwa, tumɓuke ta sai an sha wuya.

Abin da ke iya salwanta

A ɗauki misali. Ɗalibai huɗu suna aikin haɗin gwiwa kan karin harshen wani yanki. An buɗe musu jaka ɗaya a kwamfutar ajiya, an ba su duka izinin gyara da gogewa. A cikin jakar akwai muryoyin asali, waɗanda aka naɗa ba tare da matsewa ba, domin a iya auna karin sauti da tsawon wasali. Irin wannan fayil yana da nauyi: naɗin awa ɗaya da ingancin faifan CD yana haura megabayit 600. Akwai kuma kofe na kowace murya da aka matse don sauƙin aikawa ta waya. Ɗaya daga cikin ɗaliban, mai son tsabta, ya ga faifai ya kusa cika, ya ga kowace murya ta zo sau biyu, ya goge masu nauyin ya bar marasa nauyi. Bai yi da mugun nufi ba, a ganinsa gyara ya yi. Garin neman gira an rasa ido.

Abin da ya ƙara wa lamarin zafi shi ne, fayil ɗin da aka goge daga jakar da ake shiga ta hanyar sadarwa ba ya faɗawa kwandon shara na mai gogewar. Ya tafi ke nan, sai in akwai wata ajiya ta daban. Rubutun kundin digiri ana iya sake shi, ko da da kuka. Muryar tsohuwar da aka naɗa bara, wadda ta riga mu gidan gaskiya bana, ba mai sake ta.

Ko ba a kai ga gogewa ba, sauya suna kaɗai ya isa ya jawo ciwon kai. Manhajar ELAN, wadda cibiyar Max Planck da ke Nijmegen ta samar don rubuta bayani a kan sauti da bidiyo, tana ajiye bayanin a fayil daban wanda ke nuni zuwa ga fayil ɗin murya ta sunansa da wurinsa. Masu amfani da Praat, ta Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam, su ma bisa al'ada suna ba fayil ɗin murya da na bayaninsa suna ɗaya don kada su rabu. In wani ya zo ya sauya sunaye 200 don su yi kyan gani, ya raba kowace murya da fassararta. Komai yana nan, amma sai an yi kwanaki ana haɗa su ɗaya bayan ɗaya.

Birnin Yamai ba baƙo ba ne ga darajar irin wannan ajiya. Tun 1968 aka kafa cibiyar tattara al'adun baka wadda daga baya ta zama CELHTO, ta shiga ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1974. A zamanin kaset, mai son kare naɗinsa sai ya ɓalle ɗan haƙorin da ke saman kaset ɗin, rakoda ta ƙi yin naɗi a kansa. Kowa ya san wannan dabara, domin ana ganinta da ido, ana taɓa ta da hannu. Izinin fayil shi ne haƙorin kaset na wannan zamani, sai dai a ɓoye yake, kuma sunansa ba ya faɗin gaskiya.

Hujjojin masu ja

Akwai masu ja da wannan matsayi, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne.

Hujja ta farko ita ce izinin rubutu shi ma yana iya hallaka aiki. Wannan gaskiya ne. Mai rubutu tare da karatu yana iya buɗe fayil, ya share duk abin da ke ciki, ya adana shi fanko. Yana iya ɗora wani fayil mai suna iri ɗaya a kan na wani. Mugayen manhajoji masu kulle fayiloli don neman fansa suna aiki ne da ikon mutumin da suka shiga asusunsa, kuma ikon rubutu ya ishe su. Amma wannan hujja ba ta rushe matsayin ba, ƙarfafa shi ta yi. Abin da take nunawa shi ne muryoyin asali ba su cancanci ko izinin rubutu ba, karatu kaɗai ya dace da su. Bugu da ƙari, yawancin asarar da ake yi ba ta mugunta ba ce, ta kuskure ce, kuma kuskuren dannawa ɗaya da ke kwashe jaka sukutum yana bi ne ta ƙofar gogewa da ƙaurarwa.

Hujja ta biyu ita ce hana gogewa yana hana aiki. Wannan ma gaskiya ne a wani ɓangare. Manhajar Word, in za ta adana rubutu, takan rubuta shi a wani fayil na wucin gadi, sa'annan ta cire tsohon ta ba sabon sunansa. In babu izinin gogewa, sai adanawar ta ci tura, ko kuma jaka ta cika da tarkacen fayilolin wucin gadi. Saboda haka ba daidai ba ne a hana ɗalibi gogewa a jakar da yake rubuta kundinsa kullum. Darasin shi ne a raba wurin aiki da wurin ajiya. Manomi ba ya sussuka a cikin rumbu.

Hujja ta uku ta shafi zuciya. Wasu na ganin taƙaita izini rashin yarda ne, kamar an ce ɗalibi ɓarawo ne ko sakarai. A al'ummar da ke girmama amana, wannan ƙorafi yana da nauyi. Sai dai wanda aka hana ikon gogewa an sauke masa kaya ne. Ranar da fayil ya ɓace, ba za a kalle shi ba, ba za a yi ta raɗe-raɗi a kansa ba. Masana tsaron kwamfuta Jerome Saltzer da Michael Schroeder sun tsara wannan a matsayin ƙa'ida tun 1975: kowane mutum da kowace manhaja su yi aiki da mafi ƙarancin ikon da aikin ke buƙata. Ƙa'idar ta hau kan malami kamar yadda ta hau kan ɗalibi. Shehun malami ma yatsansa na iya zamewa, don haka shi ma ya fi masa alheri ya yi aikin yau da kullum da asusu mai taƙaitaccen iko.

Hujja ta huɗu daga masu nazarin harshe take fitowa. Suna cewa keɓaɓɓiyar kalma gajeruwa ake so, kuma ma'anarta daga amfani take samuwa, ba daga asalinta ba. Da an yi shekaru ana cewa gyara, kowa zai san abin da ake nufi. Wannan ra'ayi yana da tushe a ilimin harshe, amma masu jin Ingilishi da Faransanci sun shafe shekaru masu yawa da nasu sunayen, kuma har yau masu koyon kula da na'ura suna tuntuɓe a kan bambancin. Amfani bai warkar da ruɗanin ba. In kalma za ta zauna a kan maɓallin da ke iya jawo asara, bayyanar ma'ana ta fi gajarta muhimmanci.

Tsarin da ya dace

Duk ƙungiyar bincike da ke ajiye bayanai a wuri ɗaya tana iya raba ajiyarta gida uku, kuma ba a buƙatar sayen komai.

Na farko shi ne rumbu. A nan muryoyi da hotuna da bidiyon asali suke zama. Kowa yana da izinin karatu, yana iya saurare, yana iya kwafa zuwa wurin aikinsa. Mutum biyu kaɗai ke da ikon gyara da gogewa, kuma an san su da suna.

Na biyu shi ne zaure, inda ake sauke sabon kaya. A nan ana ba ɗalibai damar ƙirƙirar fayil a jakar kanta, ba tare da izinin ya gangara kan fayilolin wasu ba, don kada wani ya ɗora nasa a kan na ɗan'uwansa. Ya kamata a tuna cewa wanda ya ƙirƙiri fayil shi ne mai shi a wajen na'ura, kuma mai abu yana iya sauya izinin abinsa. Don haka mai kula da rumbu ya riƙa kwafe abin da aka sauke zuwa rumbu a kan kari, domin kofen da ya yi zai zama mallakarsa, ya gaji izinin rumbu.

Na uku shi ne ɗakin aiki. Kowane ɗalibi ko kowace ƙungiya da nata, da cikakken izinin gyara da gogewa, domin a nan ake rubutu, a soke, a sake. Abin da ya ɓace a nan ana iya sake ɗebo shi daga rumbu.

Wannan tsari yana da sharuɗɗa. Dole kowa ya shiga da asusunsa da kalmar sirrinsa. In mutum 20 suna shiga da asusu ɗaya, a wajen na'ura mutum ɗaya ne, kuma duk rabon izini ya zama wasa. Dole kuma a riƙa ba da izini ga rukuni, ba ga ɗaiɗaikun mutane ba, tare da sanin cewa izini taruwa yake yi: wanda yake cikin rukuni biyu yana samun abin da aka ba duka biyun. Sa'annan a sani cewa ɗan makullin ajiya da ake kira kile galibi yana zuwa ne da tsarin FAT32 ko exFAT, waɗanda ba su san izini ba sam. Fayil ɗin da aka tsare a rumbu, da zarar an kwafe shi a kile, duk wanda ya riƙe kilen ya mallake shi.

A ƙarshe, izini ba ya kare faifai daga lalacewa, ko daga wutar lantarki mai ɗaukewa da dawowa da ƙarfi, ko daga ruwa. Mazauna wannan gaɓa ta kogin Isa ba su manta da ambaliyar 2020 ba, lokacin da ruwa ya mamaye unguwanni ya raba iyalai da gidajensu. Sunan Harobanda kansa a Zabarmanci yana nufin bayan ruwa. Saboda haka rumbu ma yana buƙatar kofe na biyu a wani gini, in so samu ne a ɗaya ƙetaren kogin.

Aikin da ke gaban ɗalibai da malaman nazarin harshe iri biyu ne, kuma duka biyun suna cikin ikonsu. Na ɗaya, duk mai jaka da ake tarayya a cikinta ya buɗe shafin tsaronta a wannan mako, ya ƙirga mutum nawa ne ke iya goge muryoyin asali. In sun wuce biyu, a rage. Na biyu, a sa waɗannan kalmomi a teburin muhawara a aji da taron ƙara wa juna sani: izinin karatu, izinin rubutu, izinin gyara da gogewa, cikakken iko. Mai kalmar da ta fi waɗannan ya kawo ta, a auna. Sharaɗi ɗaya ne kawai ba za a sassauta ba, shi ne duk sunan da za a ba izini na uku ya ambaci gogewa a fili, domin tsohuwar da ta ba da muryarta amana ta bayar, kuma ba ta nan balle a koma a ce ta maimaita.